MARAƊI DA JIRGIN ƘASA: SHEKARA ƊARI ANA KAI KAYA TASHAR MAƘWABTA

Duk wanda ya tsaya bakin godoro a Agye ko Caduwa ran kasuwa, bayan kaka, zai ga abu guda yana maimaituwa tun hantsi har la'asar. Amalanke na shigowa daga ƙauyuka da buhunan wake da aya da riɗi, ƴan dako na lodi, manyan kamiyo na tashi da ƙyar saboda nauyi. Haka abin yake a Gazawa, haka kuma a Gidan Runji. Kaso mai yawa na wannan kaya kudu ya nufa, wato Jibiya da Katsina da Kano.

A duk faɗin jahar Maraɗi jirgin ƙasa bai taɓa ɗaukar buhu ko ɗaya ba. Dattawa da yawa sun tsufa ba su ji kukansa ba, sai waɗanda suka je cin rani ko fatauci Najeriya. Duk da haka, da wuya a sami abin da ya juya arzikin wannan yanki a ƙarnin da ya wuce kamar jirgin ƙasa. Tashar tana ƙasar maƙwabta, amma ita ta yanke abin da manomin Gazawa zai shuka da kuɗin da za a ba shi. Tun shekarar 2021 aka fara shimfiɗa sabuwar hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi. Ya kamata ke nan a waiwayi baya, a san abin da jirgi yake yi wa gari da abin da ba ya yi masa.

Ƙasar gulbi biyu

Birnin Maraɗi yana kudancin tsakiyar Nijar, kimanin kilomita 660 gabas da Yamai, ƙasa da kilomita 50 daga iyakar Najeriya. Ƙasar shimfiɗaɗɗa ce, jigawa da faƙo, babu manyan duwatsu. Ruwan sama yakan kai tsakanin milimita 400 zuwa 600 a shekara, cikin wata uku ko huɗu. Wannan ya isa hatsi da dawa da wake da gujiya, wadda Kanawa ke ce wa gyaɗa, in damina ta yi kyau.

Gulbi biyu ne suka ratsa ƙasar. Gulbin Maraɗi ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya da Madarunfa, ya wuce gefen birnin Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sa'an nan ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Ba ya gudu sai da damina, amma fadamarsa ce gatan masu noman rani. Shi kuwa Gulbin Kaba, wanda ya sami sunansa daga kabar goriba, ya kewayo ta gabas da arewa, ta wajen Mayahi. Ruwansa ya ja baya tun da daɗewa, sai dai har yanzu mata na samun kabar saƙar tabarma da igiya a cikinsa.

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta tsinke yankin kamar tsinken tsire. Daga yamma ana iske Gidan Runji, sai Tsibiri, sai Maraɗi, sai Caduwa, Agye da Gazawa, kafin a kai Tasawa. A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Gidan Runji tana da mutum fiye da dubu 520, ta Agye kusan dubu 246, ta Gazawa, wadda aka cire daga Agye a 2011, fiye da dubu 160. Shi kansa birnin Maraɗi yana da kimanin dubu 267. Wato mutanen gundumomin nan uku sun ninka na birni fiye da sau uku, kuma su ne masu cika masa kasuwa. Nan ne ɗaya daga cikin wuraren da jama'a ta fi cunkoso a Nijar, gonaki sun haɗe, saura ta zama labari.

Daga fadama zuwa tudu

Tarihin garin yana haɗe da na Katsina. Bayan da mutanen jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsa a Maraɗi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri nan kusa, wanda yau yake cikin gundumar Gidan Runji. Garuruwan biyu sun shafe sauran ƙarnin suna gwabzawa da Sakkwato da Katsina. A wancan zamani Maraɗi garin yaƙi ne mai ganuwa, ɓoye cikin kurmin gulbi. Manyan ayarin fatake sun fi bi ta Tasawa da Damagaram zuwa Kano.

Zuwan Turawa ya canza wannan. Yarjejeniyoyin da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 sun raba ƙasar Hausa gida biyu, aka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Katsina da Kano suka faɗa hannun Ingilishi, Maraɗi da Tsibiri da Tasawa hannun Faransawa. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, amma kuɗi biyu da hukuma biyu.

A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya rushe tsohon gari da ke cikin fadama. Hukuma ta tashi jama'a zuwa kan tudu, aka yanka sabon gari mai miƙaƙƙun tituna, da fadar sarki da kasuwa da kantunan Turawa. Maraɗin da ake gani yau ke nan. Amma abin da ya cika sabon garin da mutane da dukiya ya samo asali ne tun shekara talatin kafin ambaliyar, a wani wuri mai nisan kwanaki a ƙafa.

Ranar da jirgi ya iso Kano

Turawan Ingila sun fara shimfiɗa dogo daga Ikko a ƙarshen ƙarni na 19, ya kai Badun a 1901. Wani layin ya taso daga Baro, bakin Kwara, a 1907, ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Niyyar Turawan ita ce su kwashi auduga domin masaƙun ƙasarsu. Manoman Kano suka yi lissafinsu, suka ga gujiya ta fi ba da riba, ga shi kuma in ba ta sayu ba ana iya cinta. Cikin ƴan shekaru tashar Kano ta cika da buhuna. Daga nan ne attajirai irin su Alhasan Ɗantata suka yi suna, aka riƙa jera buhuna ana yin dalar gyaɗa.

Sirrin abin a cikin lissafin nauyi yake. Raƙumi yana ɗaukar kaya mai tsada maras nauyi, kamar tufa da kiraga da gashin jimina, ya ƙetare Sahara a ci riba. Gujiya kuwa nauyi gare ta, kuɗinta kaɗan. In aka ɗora ta a bayan dabba har bakin teku, kuɗin dako ya cinye ta tun ba a yi rabin hanya ba. Jirgi ne ya sa kaya irin wannan ya zama haja. Tun daga ranar, fatauci ya juya baya ga hamada ya fuskanci teku.

A 1929 wani reshe ya tashi daga Zariya ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda, a 1930 wani ya tashi daga Kano ya kai Nguru. Ƙarshen layi uku ke nan suka tsaya kusa da iyakar Nijar, ba wanda ya ƙetaro. Faransawa kuwa suna bukatar talaka ya biya haraji da tsabar kuɗi, talaka kuma ba shi da hanyar samun kuɗin sai ya noma abin sayarwa. Jigawar Agye da Gazawa da Gidan Runji ta karɓi gujiya hannu biyu. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maraɗi, suka ba dillalai jari su shiga ƙauyuka da sikeli. Ayarin raƙuman Buzaye da jakunan fatake suka riƙa kai buhuna tashar jirgi, kafin motoci su karɓe aikin. Daga cikin dillalan nan da masu motocin ne aka sami da yawa daga attajiran da daga baya aka sani da sunan Alhazan Maraɗi. Haka garin ya zama kamar garin tasha, alhali babu tashar.

Aikin Tsattsewa

Faransawa ba su ji daɗin ganin gujiyar ƙasar da suke mulki tana bi ta hannun Ingilishi ba. Sun daɗe suna mafarkin wani dogo da zai ƙetare Sahara daga Aljeriya zuwa kogin Kwara, har sun fara aikin a 1941, amma ya maƙale a bakin hamada. Nasu layin na Dahome, wanda ya taso daga Kwatano, ya tsaya a Faraku tun shekarun 1930, tsawon kilomita 438, bai ƙara gaba ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu reluwen Najeriya ya kasa kwashe ko da gyaɗar Kano, buhuna suka riƙa kwana shekara a tsibe. Ga shi kuma sai an biya kuɗin jirgin da fam na Ingila. Saboda haka a 1953 aka ƙirƙiro tsarin da aka sa wa suna Irondel, wato tsattsewa, tsuntsuwar nan mai zuwa da komawa. Kamiyo na hawowa daga Faraku da man fetur da siminti da kayan kanti, su koma da gujiya, jirgi ya ƙarasa da ita Kwatano. A 1959 Nijar da Dahome suka kafa ma'aikatar sufuri ta haɗin gwiwa, OCDN, wadda ta koma OCBN bayan Dahome ta zama Benin. A 1962 kuma, bayan samun mulkin kai, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA ya riƙe sayen gujiya da fitar da ita.

Mai karatu ya dubi lissafin hanyoyin biyu. Daga Maraɗi zuwa Ikko ta Kano, da daga Maraɗi zuwa Kwatano ta Doso da Gaya, nisan kusan ɗaya ne, kimanin kilomita 1400 kowanne. Bambancin yana ga rabon. Ta Kano, mota na yin kamar kilomita 260, jirgi ya yi fiye da 1100. Ta Benin, mota na yin kusan kilomita 1000, jirgi ya yi 438 kawai. Ko yaro ya san wadda ta fi arha. Kuɗin gujiya kuwa a bakin teku ake yanke shi, sa'an nan a yi ta cire kuɗin jirgi da na mota da na dako da ribar dillali. Abin da ya rage shi ake miƙa wa manomi a gaban sikeli. Ko da hukuma ta tallafa wa sufurin, ƙarshenta daga aljihun ƙasa tallafin ya fito. Nisan tasha haraji ne na biyu, wanda ba a rubuta shi a kowace takarda ba.

Faɗuwar gujiya

Gujiya ta kai ƙololuwarta a Nijar wajen 1966 da 1967, lokacin da ita ce kan gaba cikin abin da ƙasa ke sayarwa waje. Daga nan abubuwa suka taru mata. Faransa ta daina sayenta da farashin gata. Ƙasa ta gaji. Fari ya zo, wanda ya fi tsanani a 1973 da 1974, kowa ya koma neman hatsin da zai ci. A 1975 cutar kuturtar gujiya, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki a nan da arewacin Najeriya baki ɗaya. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Reluwen Najeriya shi ma ya yi ta lalacewa a shekarun 1980, tashoshin Ƙauran Namoda da Nguru, waɗanda dā ba a jin kira saboda hayaniya, suka yi tsit. Dogo yana nan shimfiɗe, amma babu kaya.

Maraɗi bai mutu ba, domin attajiransa sun riga sun canza haja. Tun lokacin yaƙin basasar Najeriya, 1967 zuwa 1970, suka shiga kai dabbobi da kayan masarufi kudu, daga baya suka riƙe cinikin kayan da ake saukewa a Kwatano ko Lome a wuce da su Najeriya. Manoma su ma suka koma ga wake da aya da riɗi, waɗanda kasuwarsu ke ƙetaren iyaka.

Wani abin alheri kuma ya fito daga wahalar. Tun wajen 1983 da 1984 manoman jahar suka fara barin tsiron da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, suna sassabe shi suna renonsa har ya zama icce. Ƙasar Agye ta yi fice a wannan aiki, ƙauyen Ɗan Saga ya zama wurin da baƙi ke zuwa koyo daga ƙasashe daban-daban. Gawo da kalgo da sabara sun dawo, iska ta rage kwashe ƙasa. Babu kamfanin da ya yi musu wannan. Hannunsu ne da haƙurinsu.

Labarin wani gari a Ingila

Gani ga wani ya isa darasi. A Ingila ne jirgin ƙasa ya fara, ran 27 ga Satumba 1825, tsakanin garuruwan Sitokton da Dalinton. A can akwai garuruwan da jirgi ya haifa, kuma babu wanda labarinsa ya fi dacewa da wannan magana kamar Suwindon.

Suwindon yana kudancin Ingila, tsakanin Landan da Biristol. A 1841 ɗan ƙaramin garin kasuwa ne a kan tudu, mutanensa ba su wuce 2500 ba. Injiniyoyin kamfanin Great Western, wato Brunel da Gooch, suka zaɓi filin da ke gindin tudun domin gina ma'aikatar gyaran kawunan jirgi, saboda a nan ne hanya ke fara hawa da gangara, dole a canza kan jirgi. Ma'aikatar ta fara aiki a 1843. Ba a daɗe ba ta wuce gyara ta shiga ƙira. Sabon gari ya tashi a ƙasa, ya girmi tsohon, aka haɗe su a 1900. A lokacin ganiyarta ma'aikatar ta ɗauki mutum kimanin dubu 14.

Abin lura shi ne, ƙauyuka da yawa jirgin ya ratsa tsakanin Landan da Biristol, suka ci gaba da zama ƙauyuka. Wucewar jirgi ba ta gina Suwindon ba, aikin hannu ne ya gina shi: maƙera da kafintoci da masu narka ƙarfe. Kamfani ya gina musu unguwa. Su kuma suka kafa ƙungiyar ilimi mai ɗakin karatu da darussan dare, inda lebura ke koyon karatu da lissafi bayan an tashi aiki. A 1847 suka kafa asusun magani, ana cire ɗan wani abu daga albashin kowa domin a biya likita.

Ma'aikatar ta ƙera kan jirgi mai tururi na ƙarshe na reluwen gwamnatin Ingila a 1960, aka rufe ta a 1986. Garin bai durƙushe ba, saboda tun kafin ranar ya jawo wasu masana'antu, kuma yana da jama'a masu sana'a a hannu. Yau mutanensa sun haura dubu 180. Wani sashe na tsohuwar ma'aikatar ya zama gidan tarihin jirgi tun shekarar 2000, wani ya zama kasuwa. Ƙauran Namoda ya zama wurin lodi kawai, da kaya ya yanke sai tasha ta yi shiru. Suwindon ya zama wurin aiki da koyo, da jirgi ya juya masa baya sai ya tsaya da ƙafarsa.

Sabon layi daga Kano

Nijar ma ta ɗanɗana irin wannan darasi a cikin gida. A 2014 aka fara shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kilomita 143, aka yi bikinsa a farkon 2016. Niyya ita ce ya haɗu da na Faraku. Rigimar shari'a a kan wanda ke da haƙƙin aikin a ɓangaren Benin ta tsayar da komai, layin ya zauna bai haɗu da teku ba, bai kuma shiga jigilar yau da kullum ba.

Layin Kano zuwa Maraɗi gwamnatin Najeriya ce ta ɗauki nauyinsa. Ta amince da shi a watan Satumba 2020, a kan kuɗi kusan dalar Amurka miliyar 2, ta ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ran 9 ga Fabrairu 2021. Tsawonsa kilomita 284, ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, da wani reshe zuwa Dutse. Faɗin tsakanin ƙarafansa milimita 1435 ne, irin wanda yawancin ƙasashen duniya ke amfani da shi. Tsohon layin Turawan Ingila 1067 ne, na Benin da na Doso kuwa 1000. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin jirgin wani faɗin ba ya hawa na wani. Tarago ba zai tashi daga Maraɗi ya kai Ikko kai tsaye ba sai an haɗe sabon layin tun daga Kano har teku. Sashen Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, na Ikko zuwa Badun a 2021, a shekarar ce kuma aka ƙaddamar da na Kaduna zuwa Kano. An fara yi wa layin Maraɗi alkawarin shekara uku, wa'adin ya wuce, aka sake sa wani.

Akwai kuma maganar iyaka. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Kowane karo kaya ya taru a hannun manoma da fatake, na saye kuma ya yi tsada. Sa'an nan tun 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka yi gudun hijira zuwa ƙasar Gidan Runji saboda ƴan bindiga. Jirgi ba ya gudu sai da zaman lafiya da fahimta tsakanin hukumomi biyu.

Me za a ɗora a tarago?

Layin ba zai bi ta Agye ko Gazawa ko Gidan Runji ba. Daga Jibiya zai shigo ta kudu ya tsaya a Maraɗi. Amma tasha mai nisan kilomita 50 ko 80 ko 100 ba ɗaya take da mai nisan 260 ba. Jirgi guda yana iya jan abin da kamiyo talatin ke ɗauka. Takin zamani da siminti da ƙarfen gini za su iya sauƙi, wake da aya da riɗi da jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, za su iya isa manyan kasuwanni ba tare da kuɗin mota ya cinye su ba.

Sai dai dogo hanya ce mai zuwa da komawa. Wanda ya kawo taki zai kawo man gyaɗa da gari da takalma daga masana'antun Kano, su yi gogayya da na mai ƙaramin jari a nan. Wanda ya kwashi wake yana iya kwashe hatsi da kaka, lokacin da manomi ke sayarwa da arha domin biyan bashi, a dawo masa da shi da bazara a ninki. Wannan cuta tsohuwa ce, jirgi zai ƙara mata gudu ne kawai in ba a yi shiri ba.

Shirin kuwa ba boyayye ba ne. Na farko, hanyoyin karkara. Buhun da ya kasa fitowa daga Gangara ko Saye Sabuwa ko Gidan Sori da damina bai san an yi tasha ba. Na biyu, rumbunan ƙungiya. Tsarin nan na ajiye amfanin gona a sito a karɓi rance a kansa, a sayar in farashi ya tashi, an riga an san shi a jahar. Tarago ba ya jiran mai tiya goma, sai ƙungiyar da ta tara ton talatin ce za ta yi ciniki da shi ido da ido. A nan ne waɗanda suka yi yaƙi da jahilci ke da babban aiki, domin ƙungiya ba ta tsayuwa sai da mai karanta sikeli, mai rubuta shiga da fita, mai duba takarda kafin a dangwala hannu.

Na uku, sarrafawa. Shekara hamsin yankin ya yi yana fitar da gujiya, ɗan abin da ake matsewa a masana'antar mai ta Maraɗi bai kai ya canza lissafin ba. In aya da riɗi da fata suka bi sawunta ɗanye, ribar za ta sake sauka a gidan wani. Na huɗu, sana'a. Dogo na bukatar masu walda da kanikawa da masu lantarki da masu kula da alamun hanya. Maraɗi yana da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da cibiyar binciken noma ta Tarna. In ba a horar da samari tun yanzu ba, za a kawo ma'aikata daga waje, ƴan gari su tsaya ga dako. Na biyar, ƙasa. A inda gona ta yi ƙaranci, duk taƙin da dogo ko sito zai ci sai an auna shi a gaban mai shi da mai gari, a biya diyya a rubuce, a kuma bar wa makiyaya mashigin burtali.

Da sanyin safiya ake kama fara. Waɗannan ayyuka biyar babu wanda ke jiran ranar da jirgi zai yi kuka a Maraɗi, kuma ko an ƙara ɗaga ranar, ba wanda zai zama asara. Hanyar karkara da rumbun ƙungiya da saurayi mai sana'a suna da amfani ko da kamiyo ne ke jigila. Nauyin yana kan shugabannin gundumomi da magadan gari da sarakuna, yana kuma kan kowane malamin ƙungiya da ke riƙe da littafin lissafi a ƙauye.

Kakannin mutanen Agye da Gazawa da Gidan Runji sun kai gujiya tashar Kano a bayan jaki da raƙumi, aka yanke musu kuɗi ba da shawararsu ba. Jikokinsu sun mayar da itatuwa gonakin da suka zama fili. Su ne ya kamata a tarar a bakin tasha, da kayansu a aune, da lissafinsu a rubuce.